Kufan Girkawan da da magangarun ruwa: bas da jirgin ƙasa kaɗai za su iya kai mu?

Ɗan Malamin Tarihi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa taka ƙasar Girka, musamman waɗanda suka yi yawonsu a bas da jirgin ƙasa.

Mahaifina malamin tarihi ne, ya yi ritaya. Shekara da shekaru yana koya wa yara labarin Atina da Sparta da yaƙe-yaƙen Iskandar, yana zana musu ginshiƙan Parthenon da alli a jikin allo, amma ko dutse ɗaya na wuraren nan bai taɓa gani da idonsa ba. Yanzu Allah ya hore, biza ta fito mana mu biyu, ina so in kai shi a farkon watan Mayu in Allah ya kai mu. Ɗan hutun da na samu a wurin aiki bai cika mako biyu ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Ba zan ɗauki hayar mota in tuƙa da kaina ba, don ba zan saka tsoho a gaba in hau hanyoyin duwatsun da ban sani ba. Kuɗin ɗaukar direba na musamman kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Baba yana tafiyarsa lafiya lau a shimfiɗaɗɗen wuri, sai dai gwiwarsa ba ta son matakala masu yawa, kuma rana tana saurin galabaitar da shi.

Ya rubuto mini jerin wuraren da yake so a takarda: Akropolis, Delfi, Mikines, Epidavros, Olimfiya, da kabarin Sarki Filibus mahaifin Iskandar a Vergina. Ni kuma nawa burin daban ne. Ina son ruwa mai zubowa daga kan dutse, in tsaya kusa da shi har feshinsa ya jiƙa ni. Na ga hotunan magangarun Neda da Polylimnio da Edessa, hankalina ya tashi.

Shin za a iya haɗa biyun ba tare da mota ba? Wane gari ya kamata mu yada zango mu riƙa fita muna dawowa? Wanne ne a cikin jerin nan zai zame mana wahala ba riba? Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ko da za ta rage mini buri.

Mazaunin Tasalonika

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka abin da za ka yi wa Baba. Na daɗe a Tasalonika, ba ni da mota, duk inda na taka a ƙasar nan bas ko jirgi ne ya kai ni.

Wuraren da Baba ya lissafa, bas na kaiwa kusan dukkansu. Ruwan naka ne rigima. Kufan mutanen da suna da baƙi kullum, kuma galibinsu suna gefen wani gari ko ƙauye mai rai, shi ya sa mota ke bi. Magangarar ruwa kuwa tana can cikin kwazazzabo inda kwalta ta ƙare, babu mai zuwa sai makiyayi da mai motar kansa. Saboda haka ka nemi inda Allah ya haɗa biyun a gari guda, kuma irin waɗannan garuruwa a arewacin ƙasar suka fi yawa. Zan zo kansu.

Ka fara fahimtar KTEL, wato basa-basan da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa. Ba kamfani ɗaya ba ne. Kowane lardi yana da nasa, da jadawalinsa, da shafinsa na intanet, da tagarsa ta sayar da tikiti. Na Delfi shi ne KTEL Fokidas, na Nafplio KTEL Argolidas, na Edessa KTEL Pellas. Kowanne ya fi damuwa da haɗa ƙauyukansa da babban garin lardin, sannan ya haɗa garin da Atina. Wurare biyu na iya zama kusa da juna a taswira, amma da yake lardinsu daban, sai ka koma baya ka sake hawa wata motar. Ka kuma kiyaye, Atina tasha biyu gare ta. Kifissos ita ce ta motocin Peloponis, wato yankin kudancin ƙasar, da na Tasalonika. Liosion ita ce ta Delfi da tsakiyar ƙasar. Ba a wuri ɗaya suke ba, kuma wanda ya je wadda ba ita ba motar safe ta wuce shi.

Atina kanta babu wahala. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin shuɗi yana ɗauko ku daga filin jirgin sama har Syntagma ko Monastiraki, layin ja kuma yana da tasha mai suna Akropoli a gindin dutsen Akropolis. Tikitin cikin gari yuro 1.20 ne, yana aiki minti 90. Shiga Akropolis ya koma yuro 30 tun Afrilun 2025, kuma da sa'a ake sayar da shi, don haka ka kama na ƙarfe takwas na safe tun kafin ku taso. Ba tsayin dutsen ne zai dami Baba ba, santsin marmara ne. Ƙafafun mutane sun goge matakalar ƙofar shiga har tana sheƙi. Ya sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe masa hannu. Akwai lif a gefen arewa na masu lalurar tafiya, ka tambaya tun kafin ranar. Shi Baba ya fi ni sanin cewa an fara ginin Parthenon, haikalin da ke kan dutsen, a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma girman ginshiƙan sai mutum ya tsaya a gindinsu yake yarda. Kada ku bar garin ba ku shiga babban gidan adana kayan tarihi na ƙasa ba, can fuskar zinaren da Bajamushe Schliemann ya tono a Mikines a 1876 take. In kun gan ta kafin ku je Mikines ɗin, ramukan kaburburan za su yi muku ma'ana.

Delfi wajen kilomita 180 ne daga Atina, awa uku a bas. Mutane na zuwa su dawo rana ɗaya, ni ban ba ku wannan shawarar ba. Ku kwana a ƙauyen. Daga ƙauyen zuwa ƙofar kufan tafiyar ƙafa ce ta kusan minti goma sha biyar a gefen titi. Da ma ƙauyen a kan kufan yake zaune, sai da Faransawa suka fara haƙa a 1892 aka tashi mutanen aka matsar da su gefe. Wanda ya kwana yana shiga da an buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, ya tarar da wurin shiru, kwarin zaitun ya miƙe a ƙasa har bakin teku, duwatsun Parnassos sun tsaya a bayansa. Wurin hawa ne tun daga ƙofa. Baba ya lallaɓa ya kai haikalin Apollo inda bokanyar nan Pythia take ba sarakuna amsa, in da ƙarfi ya ƙarasa dandalin wasan kwaikwayo da ke samansa kaɗan. Filin tsere da ke can ƙoli kai kaɗai ka hau. A gidan tarihin wurin akwai mutum-mutumin tagulla na mai tuƙa keken doki, ya haura shekara 2,400. Ku matsa kusa ku dubi fuskarsa. Gashin idonsa na nan ɗaya bayan ɗaya, ƙwayar idon an dasa ta da dutse, jijiyoyin ƙafarsa sun fito raɗau. Na daɗe tsaye a gabansa.

A kan hanyar Delfi akwai garin Livadia, shi ma daga Liosion ake hawa motarsa. Maɓuɓɓugan Krya suna cikin garin, ruwan kogin Erkyna na gangarowa hawa-hawa a ƙarƙashin manyan bishiyoyi da gadojin dutse, kuma a nan ne wurin duban Trofoniyos yake a zamanin da. Ba doguwar magangara ba ce, amma ga ruwa ga tarihi, ga kujerun zama.

Yanzu arewa. Ku yada zango a Tasalonika, daga Atina wajen kilomita 500 ne. Edessa tana da nisan kilomita 90 ko kusa da haka daga nan, kuma ita ce amsar tambayarka. Garin a bakin wani tsauni yake zaune, rafuka na ratsa unguwanni, sai su taru su faɗa ƙasa. Babbar magangarar, Karanos, tsayinta wajen mita 70 ne, kuma a cikin lambun gari take. Ka sauka daga bas ka taka da ƙafa. Akwai 'yar hanya da ke bi ta bayan ruwan, ka tsaya dutse na bayanka, ruwa na zuba a gabanka kamar an saki labule, ƙara ta cika kunne har ba ka jin maganar na kusa da kai, rigarka ta jiƙe sharkaf. Baba zai iya kallo daga sama inda akwai shinge da benci, ba sai ya sauka ba. Motar da ke zuwa Edessa kuma ta gefen Pella take wucewa, garin da aka haifi Iskandar a shekara ta 356 kafin Miladiyya. Ka ce wa direba ya sauke ku, akwai 'yar tafiya daga bakin titi. Filin shimfiɗaɗɗe ne, kuma daɓen gidajen masu kuɗin garin na nan, an jera ƙananan tsakuwoyin rafi masu launi an fitar da hoton farautar barewa, na farautar zaki kuma yana gidan tarihin wurin.

Vergina ta Veria ake zuwa, daga can ƙaramin bas ko tasi, bai wuce kilomita 15 ba. Manolis Andronikos ne ya gano kaburburan a 1977. An mayar da tudun ƙasar a kansu, sai ka shiga ciki, duhu da sanyi, haske na kan akwatin zinaren da aka saka ƙasusuwan sarkin da kambin ganyen zinare. Fadar sarautar ma an sake buɗe ta a Janairun 2024 bayan doguwar gyara. Sannan ga Naousa tsakanin Veria da Edessa: kogin Arapitsa na faɗowa a tsakiyar gari, kuma 'yan kilomitoci kaɗan daga nan ne Mieza, inda Aristotil ya koyar da Iskandar yana yaro. Malamin makaranta irin Baba, ina ganin wannan wurin zai fi taɓa masa zuciya.

Neda ka cire ta. Olimfiya ma, a nawa ganin, ta yi nisa ga ɗan lokacinku.

Hajiya Matafiya

Sannu da ƙoƙari ɗana, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Malam ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda da shi a kan Olimfiya ba ko kaɗan.

A duk wuraren da ke takardar nan, Olimfiya ce ta fi dacewa da mai ciwon gwiwa. Fili ne a kwance tsakanin koguna biyu, ga inuwar bishiyoyi ko'ina, babu hawa babu sauka. Ƙauyen na manne da wurin. Tsoho zai shiga ta ƙarƙashin bakan dutsen nan ya fita filin tsere, ya ɗora ƙafarsa a kan layin dutse inda 'yan gudu suke tsayawa, har da 'yan kwarmin da suke kafa yatsunsu. Tsawon filin mita 192. Girkawa daga shekara ta 776 kafin Miladiyya suke lissafin wasannin, kuma har yau a gaban haikalin Hera da ke nan ake kunna wutar gasar Olimfik. Ginshiƙan haikalin Zeus kuwa girgizar ƙasa ta zubar da su, suna kwance gunduwa-gunduwa a jere yadda suka faɗi. Mutumin da ya koyar da wannan duk rayuwarsa, a ce ya zo Girka bai gani ba? Haba Malam. Nisa kam akwai, daga Kifissos zuwa Pyrgos ya kai awa huɗu ko fiye, sannan ƙaramin bas na kusan rabin awa. A kwana can, shi ke nan.

Epidavros da Mikines kuma Nafplio ne zangonsu, awa biyu da wani abu daga Kifissos. Gari ne na bakin teku mai daɗin zama, shi ne babban birnin Girka kafin a mayar da shi Atina a 1834. Abu biyu nake so ka riƙe.

Na farko, Epidavros suna ɗaya ne wurare da yawa. Akwai ƙauyen Palaia Epidavros a bakin teku, akwai Nea Epidavros, sannan akwai babban dandalin wasan da Baba yake nufi, wanda ke cikin harabar Asklipiyos, gunkin warkarwa na Girkawan da, kusa da ƙauyen Ligourio, nesa da teku. In za ka yanki tikiti ka nuna musu hoton dandalin a waya. Motocin da ke zuwa can ba su da yawa a rana, ka san lokacin ta ƙarshe kafin ka sauka daga ta farko. Dandalin na ɗaukar mutum wajen dubu 14, layin kujeru 55. Ka bar Baba a tsakiyar da'irar ƙasa, kai ka hau can layin ƙarshe, ya yi magana da muryarsa ta aji ba tare da ɗagawa ba. Za ka ji shi tar. Ni takarda aka yaga a ƙasa ina can sama, na ji ƙarar yagewarta.

Na biyu, Mikines. Motar Atina zuwa Nafplio a Fichti take tsayawa, daga nan zuwa ƙofar zakuna, wato mashigar kagarar, kusan kilomita huɗu ne kuma hawa ne, babu inuwa. Kada ka yarda Baba ya taka. Ko ku sami motar da ke tashi daga Nafplio kai tsaye har ƙofa, ko ku ɗauki tasi ku yi ciniki ya jira ku. Kabarin da ake kira taskar Atreus yana gefen hanya kafin a kai kagarar, shigarsa a miƙe take, kuma dutsen da ke saman ƙofarsa kaɗai ya haura tan 100. Tiryns ma tana bakin titin Nafplio zuwa Argos, motoci na wucewa a kai a kai, ganuwarta ta isa kallo.

Batun ruwa a kudu, Neda kam Malam ya yi gaskiya. Sai an bi ƙauyuka, a gangara hanyar burji, sannan a taka cikin kwazazzabo. Haka haikalin Bassae da ke saman tsaunukan yankin, kilomita 14 daga Andritsaina, babu bas mai zuwa. Polylimnio ta fi sauƙi: motar Kalamata zuwa Pylos tana bi ta Kazarma, daga nan a nufi ƙauyen Haravgi. Tafkuna ne masu ruwa kore shar, ɗaya na zuba cikin ɗaya. Amma hanyar duwatsu ce masu santsi, wani wurin sai an dafa ƙarfen da aka kafa a jikin dutse. Ba wurin tsoho ba ne, kuma zuwa Kalamata zai cinye muku kwanaki.

In kana son ruwan da Baba zai gani yana zaune, akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai haƙori da ke hawa daga Diakopto zuwa Kalavryta, kilomita 22 cikin kwazazzabon Vouraikos, tun 1896 yake aiki. Kogin na tafasa a ƙarƙashin taga, ana ratsa ramuka da siraran gadoji. Sai dai akan dakatar da shi in duwatsu sun zubo kan layin, ka bincika ana gobe.

Ɗan Malamin Tarihi

Malam, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka a waya. Da na zo kan Mieza sai ya ce in maimaita, da na zo kan Olimfiya ya ce Hajiya ta fi Malam gaskiya. Don haka Olimfiya na nan. Na haƙura da Neda da Polylimnio, tunda ga Edessa da Naousa.

Abin da nake tunani yanzu: Atina, Nafplio, Olimfiya, mu dawo Atina, Delfi, sannan arewa. Sai dai ina tsoron yawan komawa Atina zai gajiyar da shi. Tsakanin jirgin ƙasa da bas wanne ya fi zuwa Tasalonika? Sannan yaya batun abinci da sallah a ƙananan garuruwan nan? Baba ba ya wasa da waɗannan biyun. Kuma akwai rangwamen kuɗin shiga ga tsofaffi?

Ɗalibi a Komotini

Yaya, sannu da shiri. Ni ɗalibi ne a nan gabashin ƙasar, kuma akwai wurin da ba wanda ya ambata: tsibirin Samothraki. Ana hawa jirgin ruwa daga Alexandroupoli, wajen awa biyu. A can ne harabar bautar da ake kira ta manyan alloli take, inda aka tono mutum-mutumin mace mai fukafukai a 1863, wanda yanzu yake gidan tarihin Louvre a Faris. Plutarch, marubucin Girkawan da, ya rubuta cewa a nan Filibus ya fara ganin Olimfiyas, mahaifiyar Iskandar. Tsibirin dutse ɗaya ne mai tsayin sama da mita 1,600, rafuka na gangarowa ta ko'ina, suna faɗawa cikin gurabun dutse masu ruwan sanyi ƙarara. Rafin Fonias da na kusa da ƙauyen Therma su ne aka fi zuwa. Ban ga inda kufai da ruwa suka haɗu kamar nan ba.

Amma gaskiya ba na wannan tafiyar ba ne. Daga Tasalonika zuwa Alexandroupoli kaɗai ya haura kilomita 300, iska na hana jirgi tashi, kuma motocin cikin tsibirin sai tsakiyar lokacin zafi suke yawaita. Ka ajiye shi sai wani karon da za ka zo kai kaɗai.

Wanda zai shiga tsarinku shi ne Dion, a gindin tsaunin Olimbos. Ta Katerini ake zuwa, kuma tana kan hanyarku ta arewa. Nan Iskandar ya yi yanke-yankensa kafin ya tsallaka Asiya a 334 kafin Miladiyya. Wurin a kwance yake, maɓuɓɓugai ko'ina, haikalin Isis ma a cikin ruwa yake tsaye, ana bi ta kan gadar katako kwaɗi na kuka a ƙasa. Magangarun rafin Orlias suna sama da ƙauyen, tasi zai kai ka bakin hanyar ka ƙarasa da ƙafa yayin da Baba yake hutawa. In za ku Litohoro, garin da ke gindin Olimbos kusa da Dion, ku shiga bas, don tashar jirgin ƙasarta tana can bakin teku, wajen kilomita biyar daga garin.

Mazaunin Tasalonika

Hajiya, na karɓi gyara, tunda mai tafiyar ma ya yanke hukunci. Ɗan'uwa, tsarin naka ya yi, amma ka yanki tikitin jirgin sama mai sauka a Atina ya tashi daga Tasalonika, kada ku sake gangarowa kudu. Ranar da za ku dawo daga Olimfiya kada ka haɗa ta da tafiya Delfi. Ku kwana a Atina, washegari ku nufi Liosion.

Zuwa nan Tasalonika, ni jirgin ƙasa zan zaɓar wa Baba. Daga tashar Atina da ake kira Larissa yake tashi, wadda ke kan layin ja, kuma mutum na iya miƙewa ya taka ya shiga bayi, abin da gwiwa take so ke nan. Yana tsayawa a Katerini, sai ku sauka don Dion kamar yadda ƙaninmu ya ce. Bas ya fi shi daɗewa a hanya.

Ka kula da kalanda. Ranar 1 ga Mayu wuraren tarihi a rufe suke, kuma ranar ma'aikata ce, sau da yawa jiragen ƙasa da na ruwa ba sa aiki. Istar Girkawa ta cocin Otodoks ce, takan bambanta da ta sauran Turai, wani lokaci har ta faɗo cikin Mayu, ranar Lahadinta komai a rufe. Ranar 18 ga Mayu shiga kyauta ne, amma cunkoso ya yi yawa. Wasu ƙananan wuraren ba sa buɗewa ranar Talata. Asabar da Lahadi kuma motocin ƙauye na raguwa sosai, don da yawansu saboda 'yan makaranta da ma'aikata ake tsara su, saboda haka ka sa ranakun nan su same ku a Atina ko Tasalonika. Watan da ka zaɓa dai ya yi daidai: dusar ƙanƙarar tsaunuka na narkewa, ruwa na da ƙarfi, zafin Yuli da Agusta da kan sa a rufe Akropolis da tsakar rana bai zo ba tukuna. Rangwamen tsofaffi kuwa na 'yan ƙasashen Tarayyar Turai ne, ka yi kasafin cikakken kuɗi na mutum biyu.

Abinci: naman da ake yankowa a jikin sanda a saka cikin gurasa, gyros, galibinsa na alade ne, na kazar ma sau da yawa wuri ɗaya ake gasa su. A ƙananan garuruwa ku tsaya kan kifi, miyar wake da suke kira fasolada, manyan wake na tanda, fanken alayyafo da cuku, da salak ɗin tumatir da zaitun. A Atina akwai gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Larabawa a kewayen Omonia. Masallacin gwamnati na Atina yana unguwar Votanikos, an buɗe shi a 2020, kusa da tashar Eleonas ta layin shuɗi. A Delfi da Nafplio da Olimfiya sai dai ku yi a masauki, ku tafi da dardumarku.

A ƙauye, in kuna jiran mota a bakin titi ka ɗaga hannu tun daga nesa, in ba haka ba direba zai ɗauka hutawa kuke yi. Wani wurin a shagon kofi ake sayar da tikiti, wani wurin a cikin motar, don haka ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Jadawalin da ke manne a bangon tasha ya fi na intanet zama daidai, ka ɗauki hotonsa da kun sauka. Sannan duk tasin da ya kai ku wuri mai nisa, ka karɓi lambar direban kafin ya juya, don a ƙofar Mikines ko Dion ba kullum ake samun wani yana jira ba.